Baƙar Lakar Doka da Allon Zanen Khartum

Darussan injiniya ba darajarsu ɗaya ba a idon ɗalibai. A zamanin da muke Tsangayar Injiniya ta Jami'ar Khartum, wajen ƙarshen shekarun 1980, darasin da ake ji da shi shi ne mai lissafi mai tsauri, irin nazarin ƙarfin gine-gine da lissafin gudun ruwa a bututu da magudana. Wanda ya yi zarra a waɗannan shi ake nunawa a ɗakin cin abinci. Darasin hanyoyin gini da zanen dalla-dalla kuwa, inda ake koyon yadda ake haƙa harsashi, a ɗaure rodi, a kafa katako, a zuba kankare, sannan a zana kowace mahaɗa yadda mai aiki zai gane ba sai an tsaya a kansa ba, da yawa sun ɗauke shi aikin birkila ne aka shigo da shi jami'a. Ni tun makon farko na ji an sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Daga Doka na fito, kuma duk yaron da ya tashi a Doka ya tashi yana ganin bango yana tsagewa ba wanda ya taɓa shi.

Doka tana kudu maso gabas da Gadarif, a kan hanyar da ta nufi Gallabat, bakin iyakar Habasha. Ƙasar dawa ce da riɗi. Tun da aka fara noman tarakta a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, gonaki suka yi ta faɗi har ido ba ya kai wa ƙarshensu, kuma abin da ya ba su wannan albarka baƙar laka ce mai riƙe ruwa. Mutumin Borno da ya san firgin Dikwa da Ngala ya san irinta. Da rani tana bushewa ta dare, darewar da yaro zai zura hannu har kafaɗa bai taɓo ƙarshenta ba. Ƙafar akuya tana faɗawa, kuɗin ƙarfe in ya suɓuce ya shiga sai haƙuri. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Oktoba, ruwan farko yana bin tsagar nan ya gangara ciki, lakar ta sha ta kumbura, bakin tsagar ya haɗe ruf. Kafin a shimfiɗa kwalta a hanyar Gallabat, lorin da damina ta rutsa da shi a tsakani sai tarakta ta zo ta ja shi, fasinja kuwa su kwana a taɓo. Manomi yana sa wa wannan ƙasa albarka dare da rana, amma magini bai taɓa samun kwanciyar hankali da ita ba.

Kakanninmu suna cikin Hausawan da suka biyo hanyar gabas da niyyar Hajji, wasu tun kafin yaƙin Burmi na 1903, wasu bayansa. Akwai waɗanda suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, akwai waɗanda suka yi leburanci a madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da gonakin audugar Jazira, akwai kuma waɗanda noma ya jawo su nan gabas. Sun zo da sanin gini a hannunsu, na tubali da azara da soro mai indararo. Kakana na wajen uwa, haifaffen ƙasar Katsina, ya sha ba mu labarin soron da ya gina a shekarunsa na farko a nan, yadda ya zuba masa ƙarfi da gwaninta, amma bai daɗe ba bango ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa har ana hango hasken waje. Daga nan ya bi sahun mutanen da ya tarar, ya koma gutiyya, ɗakin nan zagayayye mai jinka da ya zama tambarin ƙasar Gadarif. A cikin gutiyya aka haife mu, a cikinta muka yi karatun allo da na boko da fitilar aci-balbal.

Gine-ginen jan bulo da siminti a lokacin ƙuruciyarmu kaɗan ne, yawanci na hukuma da na manyan 'yan kasuwa. Muna sha'awarsu ƙwarai, muna kuma ganin abin da yake samunsu. Tsaga takan taso daga kusurwar taga ta haura a karkace zuwa rufi. Daɓe yakan tashi a tsakiyar ɗaki ya yi tozo. Ƙofar da take rufuwa lafiya lau a watan Maris, in Agusta ya yi sai an sa kafaɗa, a kira kafinta ya fere ta, rani na dawowa kuma ta bar giɓin da kunama za ta wuce. Manya sukan ce ɗan kwangila ne ya ci siminti. Wani lokaci gaskiyarsu ce. Amma mun ga gidan mutumin da ya tsaya a kan aikinsa da kansa, bai rage ko buhu ɗaya ba, shi ma ya tsage. Me ya sa? Wannan ita ce tambayar da na tafi da ita Khartum.

Malamin da ya koya mana darasin dattijo ne mai sanyin magana, ya yi karatu a Ingila, ya kuma shafe shekaru a wuraren aiki kafin ya dawo aji. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ba ya shigowa da littafi a hannu, sai alli mai launi uku: fari na kankare, ja na rodi, shuɗi na ruwa. Ya ce duk abin da zai koya mana bai wuce waɗannan ukun da yadda suke zama da juna ba. A lokacin ƙa'idar Ingila muke bi, BS 8110 da ta fito a 1985 ta maye gurbin CP 110, kuma yana girmama ta, amma yakan tuna mana cewa waɗanda suka rubuta ta ba su zuba kankare a zafin watan Mayu na Khartum ba, ba su kuma haƙa harsashi a Jazira ko Gadarif ba.

Gab da wani hutu ya ce kowa ya zo da ƙasar garinsu, daga zurfin mita ɗaya, a rufe ta da kyau kada ta sha iska. Na haƙo tawa a bayan gidanmu, na cika gwangwanin madara, na liƙe bakinsa da kakin kyandir. Ya kai mu ɗakin gwajin ƙasa. Jami'ar tana da cibiyar binciken gini da hanyoyi wadda ta daɗe tana nazarin wannan laka, saboda ta mamaye tsakiya da gabashin Sudan. Aka danna ƙasar kowa a cikin ƙaramin zoben ƙarfe, aka ɗora ɗan nauyi, aka kafa agogon awo mai allura a kai, sannan aka zuba ruwa. Rairayin wani abokinmu ɗan arewa ya sha ruwan, allurar ta ɗan sauka ta tsaya. Tawa ta yi shiru na ɗan lokaci, sai allurar ta fara tafiya sama, a hankali, layi bayan layi. Muka je sallar Azahar muka dawo tana tafiya. Washegari ma ba ta tsaya ba. Malam ya ce a yi ta ƙara nauyi har ta koma inda ta taso, muka yi ta jera ƙarafa, da muka lissafa abin da aka ɗora sai ga shi ya zarce nauyin da bangon ɗaki mai hawa ɗaya yake saukewa a kan harsashinsa, ya zarce shi nesa ba kusa ba.

Ya dube ni ya ce, "Ɗan Doka, ka ga abin da yake ɗaga ɗakunanku?"

Na ce, "Na gani, Malam."

Ya ce, "To ba za ka fi ta ƙarfi ba. Ka koyi yadda za ka ba ta hanya."

A ranar na fahimci abin da ya fi damuna har yau game da wannan ƙasa: mai ƙaramin ƙarfi ta fi cuta. Bene mai hawa huɗu yana da nauyin da zai danne ta, mai shi kuma yana da kuɗin zurfafa harsashi. Ɗaki biyu da baranda, wanda mutum ya tara kuɗin riɗin shekaru ya gina, shi ne marar nauyin da take ɗagawa. Kuma ba ta ɗaga shi bai ɗaya. Ruwan damina gefen gini yake fara jiƙawa, sai gefen ya tashi ya bar tsakiya. Bayan shekaru kuma danshi ya taru a ƙarƙashin daɓe, inda rana ba ta kai wa balle ta busar, sai tsakiyar ta kumbura ta tura bango waje. Bulo ba ya lanƙwasa, don haka sai ya tsage a inda ya fi rauni, wato kusurwar taga da ta ƙofa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne lokacin da muke gini. Kuɗi yana shigowa bayan an yanke riɗi an sayar da dawa, ana fara haƙa da rani, daidai lokacin da lakar ta gama tsukewa. Duk kumburin da za ta yi yana nan gaba yana jiran ruwan farko.

Makonnin da suka biyo baya a kan allon zane muka yi su. Ɗakin zanen dogo ne, fankoki suna juyawa a sama, kowa da allonsa da rula mai kan T da alƙaluman Rotring, siriri na layin awo, mai kauri na rodi. Takardar mai shara-shara ce, in gumi ya ɗiga a kanta sai ta tattare, shi ya sa kowa yake shimfiɗa hankici a ƙarƙashin hannunsa. Layin da ya kauce da reza ake kankare shi. In an gama a kai injin amoniya a buga, warin ya bi mutum har ɗakin kwana. Tsarin gida gaba ɗaya a sikelin 1:100 ba ya ɗaukar hankalin Malam sosai. Abin da yake tsayawa a kai shi ne 1:20 da 1:10, inda ake yanka ginin a leƙa cikinsa.

Zanen da na fi daɗewa a kansa shi ne na harsashin baƙar laka. Ana huda rami siriri da na'urar huda, wadda ko da hannu mutum biyu za su iya murzawa, a zarce zurfin da danshin ƙasa yake canzawa tsakanin rani da damina, a sa rodi tun daga ƙasa har sama, a zuba kankare. Ya zama turke. Rodin dole ya kai har gindi, domin laka in ta kumbura tana kama jikin turken ta ja shi sama, kankare kuwa gwanin ɗaukar danni ne, in aka ja shi ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. A kan turakun ake ɗora bim, a kan bim ake ɗora bango. Sai kuma abin da duk zanen ya dogara a kansa: tsakanin ƙarƙashin bim da fuskar ƙasa ana barin sarari, kamar faɗin tafin hannu ko fiye, a tsare gefensa da bulo don kada ƙasa ta zubo ta cike shi. Laka ta kumbura ta hau cikin wannan sarari, ta sauka da rani, bango bai sani ba. A kewaye ɗakin da daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gangara waje. A nisantar da bishiyar dogon yaro, da ramin masai, da wurin alwala da wanke-wanke. Malam yakan zana randar ruwa da shuɗin alli a jikin bango, ya ce wannan kaɗai, in tana ɗiga shekara da shekaru, ta isa ta karya kusurwa.

Tambayoyinsa a kan zane ba na lissafi ba ne. Zai tsaya a bayanka ya daɗe, sannan ya sa yatsa a mahaɗar ginshiƙi da bim ya ce, "Ta ina hannun mai ɗaure waya zai shiga nan?" Ko ya ce, "Tsakuwarka milimita 20 ce, tsakanin rodin nan biyu milimita 15. Ta ina za ta wuce?" In ba ta wuce ba kankaren zai yi kogo, a shafe shi da filasta, ba wanda zai sani sai ranar da tsatsa ta fasa shi. Daga wurinsa muka san cewa rodi in za a haɗa shi da wani sai an goya su tsawon kaurinsa sau 40 zuwa 50, kuma ba a tara haɗin duka a wuri ɗaya. Ringi, wato zobban ƙarfen da ke kewaye rodi, ana matso da su kusa da juna a dab da ginshiƙi, a lanƙwasa bakinsu ya shige cikin kankare. Rodin barandar da ta leƙo ba ginshiƙi a ƙarƙashinta a sama yake zama, kuma a nan ne leburori suke takawa da kwanon sarki a ka su danne shi ƙasa, saboda haka sai an zana masa kujerun ƙarfe da za su riƙe shi. Har ɗan biskit ɗin siminti da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don ya samu rigar kankare, milimita 25 a cikin ɗaki, 50 ko fiye a cikin ƙasa, sai ya ga ka nuna shi ka rubuta kaurinsa. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce mu yi zane don mutumin da ba zai same mu ya tambaye mu ba.

A daren 4 ga Agusta 1988 aka yi ruwan da ba a manta da shi a Khartum, fiye da milimita 200 cikin kwana ɗaya, abin da ya zarce na shekara guda a birnin. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Da ruwa ya ja, Malam ya ɗebe mu da littattafan zane muka shiga unguwanni. Ba hoto ya ce mu ɗauka ba, cewa ya yi kowa ya zana inda bango ya fara mutuwa. Gidajen ƙasa yawancinsu daga ƙafa ruwa ya ci su, ya kwanta a gindin bango ya jiƙa shi har ya zauna. Wanda aka ɗora a kan 'yan layukan jan bulo ko dutse, ya ɗaga sama da inda ruwa ya kwanta, sau da yawa yana tsaye a tsakiyar kangaye. Wasu kuma indararo ne ya toshe, ruwa ya taru a rufi, nauyi ya karya itacen. Mun ga mata zaune a kan gadajen igiya a fili da 'yan kayansu. Tun daga ranar ban ƙara jin wani a ajinmu ya kira darasin aikin birkila ba.

Da na koma gida hutu na tarar Kawu yana ɗaure tsaikon sabuwar gutiyya. Shi ne ya gaji hannun kakanmu, kuma har ƙauyukan kewaye ake zuwa ɗaukarsa. An kafa gorar a ƙasa, kawunansu sun haɗu a sama, yana zagayawa da tanka, yana murɗa ɗanyen reshe yana ɗaurewa da igiyar da ya jiƙa tun dare. Na lura tankar ƙasa, wadda za ta zauna a kan bango, ta fi sauran kauri, ya ninka ta, kuma inda reshe ya ƙare ba ya fara wani daga nan, sai ya goya sabon a kan tsohon kamu biyu ko uku. Na shimfiɗa masa zanena a kan tabarma, na nuna masa ringi da haɗin rodi.

Ya goge hannu a riga, ya duba ya duba, ya ce, "Wannan ai tanka ce. Su ma sun san in ba ta, jinka buɗewa take yi ta zauna?"

Na ce, "Sun sani, Kawu. Ku da wa kuka koya?"

Ya ce, "Da wanda ta buɗe masa."

Sai na nuna masa turakun da sararin da ke ƙarƙashin bim. Nan ya fi daɗewa. Ya ce su dirkar gutiyya ba sa faɗa da ƙasa, in ta tashi ɗakin ya tashi da ita, in ta sauka ya sauka, igiya tana ba da kai, abin da ya karkace a gyara shi da kaka. "Ku kuma naku ba ya ba da kai, shi ya sa kuka ɗaga shi sama kuka bar mata wurin numfashi. To madalla. Amma ka gaya wa masu aikin dalili, ɗana. In ba ka gaya musu ba, wallahi cike shi za su yi, su ce maciji zai shiga."

Ba na cikin masu cewa a bar mutane a gutiyya don tana da kyau a hoto. Na ga gobara ta cinye unguwa cikin sa'a guda da iskar rani. Gara tana cin dirka, jinka tana son sabuwar ciyawa bayan 'yan shekaru, itacen kirki kuma ya yi nisa tun da gonakin tarakta suka share dazuzzuka. Uwar da take son ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe da za ta kulle ta tafi gona tana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne masu ɗaure gutiyya sun san halin ƙasar nan da iskarta, wanda kuma ya zo da siminti ya kamata ya zauna ya saurare su kafin ya buɗe jakarsa. An ga haka a sansanin Um Rakuba da ke kusa da mu, wanda aka sake buɗewa a Nuwamba 2020 don 'yan gudun hijirar Tigray. Guguwar daminar 2021 ta yayyaga tantuna da yawa, daga baya aka koma gina wa mutane ɗakuna zagayayyu masu jinka. Iska ba ta samun kusurwar kamawa a jikin zagayayyen ɗaki, ruwa kuma ba ya zama a kan rufi mai tsini. Irin wannan guguwar ta farkon damina ita ce take yaye kwanon gidajen bulo, shi ya sa za ka ga an jera duwatsu a kan rufi. Maganinta yana cikin zanen 1:10 da muka yi: a bar guntayen rodi a cikin bim ɗin da ya zagaye saman bango, a lanƙwasa su a kan katakon rufi su riƙe shi.

Maganar Kawu ta tabbata a idona bayan na fara aiki. An ba da kwangilar wasu 'yan ɗakuna na jama'a a ƙauyuka biyu kudu da Doka, zane ɗaya, ƙasa iri ɗaya. A na farko shugaban birkiloli wani tsoho ne Bahaushe. Na zauna da shi a inuwar aduwa na kwatanta masa da ɗanyar laka a cikin kwano, ya gyaɗa kai, ya tara yaransa ya gaya musu da bakinsa cewa wanda ya zuba ko shebur ɗaya a ƙarƙashin bim ya bar masa aiki. Ruwa a lokacin tsada yake, a kan amalanken jaki ake kawo shi ganga-ganga daga hafiri, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, amma tsohon nan ya lulluɓe kankaren da buhunan garara ya yi ta shayar da shi har kwana bakwai, domin ya yarda cewa siminti da ruwa yake nuna, kuma ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana 28. A na biyun ɗan kwangila ya ga turaku da sarari ɓata kuɗi ne. Ya rage zurfin ramuka, ya sa aka tura ƙasar da aka haƙo aka cike ƙarƙashin bim aka daddaɓe, daɓen kewaye kuma ya ce sai an biya shi kashi na gaba. An rubuta, an kai ƙara, ba abin da ya canza. Ba a yi damina uku ba aka fitar da mutane daga ɗaki ɗaya saboda tsoron bango. Kuɗin jama'a ne, kuma bambancin da ke tsakanin gine-ginen biyu bai kai kuɗin fentin da aka shafa musu ba. Har yau in na bi ta wurin raina yana ɓaci.

Yanzu allon zane ya zama tarihi. Yaranmu da suka fito daga jami'o'in da aka buɗe a jihohi tun daga shekarun 1990 suna zana a kwamfuta cikin awa ɗaya abin da muke kwana muna yi, kuma ina taya su murna, ba na kewar reza da warin amoniya don kansu. Abin da nake kewa shi ne jinkirin. Mai jan layin rodi da hannu yana da lokacin da zai tambayi kansa inda rodin zai ƙare da wanda zai lanƙwasa shi. Yau sai a kawo mini zane mai kyan gani, in duba harsashin in ga an kwafo shi daga fayil ɗin wani gini da aka yi a kan rairayi a wata ƙasa, ba turke, ba sarari, ba ko layi ɗaya da ya nuna mai zanen ya taɓa murza lakar wurin a tafin hannunsa. Laifin ba na kwamfuta ba ne. Yaron ba a taɓa tsayawa a bayansa an tambaye shi ta ina tsakuwa za ta wuce ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da karatu a harabar da muka yi namu, ya watsa malamai da ɗalibai, ya kuma turo dubban iyalai jihar Gadarif, musamman bayan da yaƙin ya isa Wad Madani a Disambar shekarar. An yi ta ƙara ɗakuna a gidaje cikin gaggawa don saukar 'yan'uwa, kuma gini mai yawa yana gaba, a nan da ko'ina a Sudan, yawancinsa da kuɗin mutanen da ba za su iya yin sa sau biyu ba. Ina roƙon malaman da suke riƙe da wannan darasi, a duk inda suka samu aji, kada su bar shi ya zama na cike gurbi. Su sa ɗalibai su kawo ƙasar garuruwansu, su kai su wurin aiki ranar ɗaurin rodi, su kuma koya musu bayyana zane da harshen da birkila yake ji, Larabci ne ko Hausa ko wani.

Kai kuma ɗan'uwa da riɗinka ya yi kyau bana kake shirin ɗakin bulo a Doka, ko Basunda, ko wani gari mai irin ƙasarmu, kada ka fara da sayen bulo. In filinka yana da tudu mai tsakuwa ko gindin dutse, gina a can. In baƙar laka ce zalla, nemi injiniyan da zai zo ya ga ramin harsashin da idonsa, ka ce ya ba ka zanen harsashi da ya nuna zurfin turaku da sararin ƙarƙashin bim. In kuɗin bai kai ɗaki biyu da wannan harsashi ba, yi ɗaya, ka bar gutiyyarka a gefe zuwa kaka mai zuwa. Ranar da za a zuba kankare kuma ka bar kasuwa ka zo ka tsaya, ka ga biskit a ƙarƙashin rodi, ka tanadi ruwan shayarwa na kwana bakwai kafin a buɗe buhun siminti na farko.